Ƙofar Wata Shida

Hollis Bend, Mississippi
9 ga Fabrairu

Ƙanwata Odessa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga ni, da matata Verlean, da tsohon karen nan da ya ƙi mutuwa. Ina fata sanyin Toledo bai cinye miki yatsu ba. Kin kyauta da kika rubuto maimakon ki kira, don kin san kunnena ya riga ni yin ritaya. A waya "eh, eh" kawai zan yi ta ce miki, ko da cewa kika yi gidanki ya kama da wuta.

Kin ce a Afrilu za ki cika sittin da biyar, takardun inshorar lafiya sun cika miki akwatin wasiƙu, kina son yayanki ya gaya miki wadda za ki ɗauka. To, bari in fara da wata jita-jita da na taɓa ji, don na san za ta iso ki.

Shekara huɗu ke nan, ina kan kujerar aski a shagon Cleotis, ya ɗora mini aska a maƙogwaro, sai ya kira ni da muƙamina na coci ya ce, "Dikin, ka san ƙofar nan sau ɗaya ake buɗe ta?" Na ce wace ƙofa? Ya ce, "Ta inshorar cike giɓi. Daga ranar da mutum ya cika sittin da biyar ya karɓi katin gwamnati, wata shida gare shi. A cikinsu ko da ƙafa ɗaya ya zo, dole su sayar masa. In suka wuce, sai su tambaye ka ciwonka, in ba ka yi musu ba su rufe." Na bari ya ɗauke askar, sannan na ce, "Cleotis, kai ne fa ka rantse ka kama tarwaɗa da agogo a cikinta, agogon yana tafiya." Shago ya ɗauka da dariya. Ya ce, "Agogon dai ƙarya ne." Ban saurari sauran ba.

Ga yadda abin yake, Dessa. Hanya biyu ce. Ta farko, ki riƙe Medicare, inshorar gwamnati, yadda take. Duk likitan da ke karɓar katin a faɗin ƙasar nan naki ne, amma a kuɗin likita takwas cikin goma take biya. Biyun da suka rage shi ne giɓin, sai ki sayi wata inshorar ta cike shi, tana cizonki kowane wata ko kin yi tari ko ba ki yi ba. Ta biyu, ki miƙa wa kamfani katinki ya riƙe komai. Ba ƙarin ko sisi a wata. Ga haƙora, ga tabarau, ga na'urar ji, har da ɗan katin cefane. Sharaɗi ɗaya ne, likitocin da ke cikin jerinsu kawai za ki gani. To mu nan likita nawa gare mu? Dakta Raman ne, kuma yana cikin jerin.

Mutumin kamfanin ranar suyar kifi ta coci ya zo mana. Ya ci tarwaɗa uku, ya yabi burodin masarar Sista Ola Mae, ya ce "ranki ya daɗe" ga duk mai furfura. Ya raba maficin kwali masu sunan kamfaninsu. Kin tuna da can sunan gidan masu shirya gawa ne a jikin maficin coci? Na ce ko banza mun samu ci gaba. Da ya gama bayani, jama'a suka juyo suna kallona, kin san an saba in an kawo takarda ni ake miƙa wa. Na miƙe na ce na karanta daga farko har ƙarshe, ba tarko a ciki. Mutum goma sha ɗaya suka sa hannu, ni ne na farko. Verlean a makon ta cika sittin da biyar, ita ma da shi ta fara.

Shekara huɗu, ba mu ga komai ba sai alheri. Na'urar jin dai tana fito kamar buta a kan wuta, amma kyauta ce, wa zan kai ƙara?

Shawarata ke nan, ki ɗauki na kamfani ki huta.

Verlean tana gaishe ki. Kwanan nan ba ta cin abinci sosai, rigar cocinta ta fara yi mata yawa. Ta ce sababbin haƙoran ne ba sa jituwa da nama. Ni kuwa ina ganin yanga ce ta tsufa.

Ki gai da maƙwabta. Allah ya tsare.

Yayanki,
Ezell

Toledo, Ohio
21 ga Fabrairu

Yaya Ezell,

Gaisuwa da girmamawa. Na samu wasiƙarka, shafi huɗu don amsa tambaya ɗaya. Ba ka canja ba.

Ban tsaya kan maganarka kaɗai ba, kada ka ji haushi. Shekara talatin da ɗaya na yi a masana'antar gilashi, na koyi cewa abin da ya fi ƙyalli ba shi ne ya fi ƙwari ba. Akwai wata dattijuwa, Madam Novak, tana zama a ɗakin karatu na unguwarmu ranar Laraba tana yi wa tsofaffi bayanin waɗannan takardu. Ba ta sayar da komai, ko biro ba ta bayarwa, nawa ma ta ara. Na karanta mata labarin wanzaminka. Ba ta yi dariya ba. Ta ce mai agogo a cikin kifi gaskiya ya faɗa. Wata shida ne. Wanda kuma ya fara da na kamfani, ana ba shi shekara ɗaya ta gwaji ya komo ba tambaya. In ta wuce, a yawancin jihohi, har da taku da tamu, sai abin da kamfanonin cike giɓi suka ga dama.

Na ce mata yayana ya karanta takardar daga farko har ƙarshe. Ta ce, "Na yarda. Ba a cikin takardar da aka ba shi aka rubuta ba."

Don haka na gwamnati zan riƙe. Na cike giɓin kuwa na karɓo fom, na manna a jikin firij. Tsadarsa ta tsaya mini a wuya, ni da ko mura ba ta san gidana ba. Ina da har ƙarshen Satumba, zan yi tunani.

Yanzu maganar da ta fi wannan. Yaya, haƙori ba ya sa riga ta yi wa mace yawa. Matar da na sani tana cinye kwanon kuɓewa ta leƙa na kusa da ita, ka ce mini yanga? Ka ɗauke ta ka kai ta wurin Dakta Raman a makon nan. In ta ce sai an gama shuka, ka ce ni na ce. In ta ce ba ruwana, ka tuna mata wa ya riƙe mata mayafi ranar aurenta.

Ka rubuto mini abin da ya ce. Shafi ɗaya ya isa.

Taka,
Odessa

Hollis Bend
24 ga Maris

Ƙanwata,

Gaisuwa. Ki yi haƙuri da shirun da kika ji. Na ɗauki biro ya fi sau biyar.

Ciwon daji ne. A hanji ya fara, ya ɗiga ɗigo ɗaya a hanta. Dakta Raman ya juyo da hoton ya nuna mana da bayan biro, ɗan tabo kamar ƙwayar wake. Verlean ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan ɗan abin ne ya hana ni cin naman alade na Kirsimeti?"

Ya ce akwai dama, amma ta gaggawa ce. Akwai wata likita a Memphis da aikinta ke nan, tana yanke na hanjin da na hantar a zama ɗaya, ya sha tura mata mutane sun dawo da ƙafarsu. Ya ɗauki waya zai kira, sai ya ce in ba shi katinmu. Ya duba gaba, ya duba baya, ya ajiye wayar. Ba ta cikin jerin. Memphis da muke zuwa sayen taya, sa'a biyu da rabi, Dessa.

Ya rubuta wa kamfani neman izini. Kwana goma sha ɗaya muna jira, amsa ta zo cewa suna da nasu likitocin da za su iya. Ya sake rubutawa. Muna jira.

Ni kuma na sa hulata ta coci na tafi wurin wani dillalin inshora a gari, na ce na zo mu koma na gwamnati mu sayi na cike giɓi. Mutumin kirki ne, ya ba ni kujera da kofi. Ya ce komawa na gwamnati ba wuya, muna da har ƙarshen watan nan. Sannan ya zaro fom na cike giɓin ya sa yatsa a kan tambaya ta bakwai: ko a cikin shekara biyu da suka wuce likita ya ce kana da ciwon daji? Na ce, "Da wata biyu da suka wuce na zo fa?" Ya ce, "Da a'a za ta rubuta." Kamfani uku ya gwada mana, uku suka ƙi. In kuwa muka koma na gwamnati tsirara, biyu cikin goman nan ba ta da iyaka, kuma biyu cikin goma na ciwon daji ya fi gonar nan da abin da ke kanta. Dole muka zauna inda muke.

A hanyar dawowa labarin Kaka Tee ya faɗo mini, wanda take ba mu a baranda muna ɓarar gyaɗa. Kin yi ƙanƙanta, ƙila ba ki riƙe ba. Wani manomi ne mai gonar haya, maigidan gona ya ba shi alfadari kyauta. Alfadari ƙosasshe, ba cizo, ba harbi, ko ciyawa maigida ke kawowa. Shekara uku yana kai shi gona, yana kai shi kantin maigida, yana dawo da shi. Ranar da matarsa ta kama naƙuda mai wuya, ya ɗaura masa amalanke zai kai ta gari. Suna isa iyakar gonar maigida alfadari ya tsaya cak. Ya doke shi, ya roƙe shi, ya yi masa waƙa. Alfadari ya juyo ya ce, "Malam, ni nan aka koya mini. Ka taɓa tambaya ta ina nake iya zuwa?"

Muna yara dariya muke yi saboda alfadari ya yi magana. Kaka Tee ba ta taɓa gaya mana abin da ya samu matar ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba.

Shafi ɗaya kika ce. Kin ga na kusa.

Ki sa mu a addu'a.

Ezell

Toledo
3 ga Afrilu

Yaya,

Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa. Ba zan ce maka komai a kan abin da ya wuce ba, ba yanzu ba.

Ban jira Laraba ba, gidan Madam Novak na nema na buga mata ƙofa. Ka saurara da kyau, akwai wata ƙofar ta baya. Ta ce in mutum ya tashi daga yankin da kamfaninsa ke aiki, tashi na gaske, ya koma wani wuri da zama, to tsarin ya rabu da shi ba laifinsa ba. Sai a ba shi kwana sittin da uku ya koma na gwamnati ya sayi na cike giɓi, ba mai ikon yi masa tambaya ta bakwai ko ta goma. Na sa ta maimaita sau biyu, ta rubuta mini a takarda, ga ta nan na haɗo.

Ku taho Toledo. Ɗakin baya yana nan, na riga na fitar da keken ɗinki da akwatunan marigayi mijina. Akwai manyan likitoci a nan da kusa da nan, da katin gwamnati duk nata ne. In ta warke ku koma ku ci gaba da faɗa da tsutsar kuɓewa.

In kuma tashin ne ya yi muku nauyi, ni dai zan faɗa, Allah ya yafe mini. A sa adireshina a takarda. Ta zo ta yi wata ɗaya, a ga sunanta a jikin akwatin wasiƙuna, wa zai bi ta Mississippi ya ƙirga kwanakinta? Wannan ban gaya wa Madam Novak ba.

Kada ka tsaya ba ni labarin alfadari. Ka karanta wa Yaya Verlean wannan yau, ka zuba mai a a-kori-kurar nan taka.

Odessa

Hollis Bend
15 ga Afrilu

Dessa, ƙanwata kuma abokiyar faɗana,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Barka da cika sittin da biyar, kin shigo layinmu, sai ki rage tsiwa. Ni ce Verlean da kaina, kin ga rubutun ba irin na Dikin ba ne mai kama da sawun kaza.

Ya karanta mini wasiƙarki, ya tsallake sakin layi ɗaya. Na karɓa na karanta wanda ya tsallake. Dessa, shekara ashirin ina zama a kujerar gaba ta iyayen coci da farar hula, 'yan mata suna kawo mini ƙarar mazajensu. Ba zan je gaban Ubangiji da adireshin ƙarya ba. Kada ki sake kawo wannan, kuma na yafe.

Tashi na gaske kuwa, kin san gonar nan. Eka arba'in da biyu, kakana ya saya da kuɗin auduga lokacin da baƙin mutum ba ya sayen ƙasa ya kwana lafiya. Bai bar wasiyya ba, don bai yarda da kotu ba. Yau mu talatin da ɗaya ne masu gado a kanta, daga Chicago har California, rabinsu ba su san hanyar nan ba. Ni kaɗai nake kai, ni nake biyan haraji. Sau biyu mai gonar waken soya na gefenmu yana aika wa 'yan'uwana takarda. Abin da ya hana su sayarwa kunya ce kawai, wai Anti Verlean tana ciki. Ranar da aka ji na canja adireshi, kunyar ta ƙare. Ɗaya ya sayar da rabonsa ya isa a kai mu kotu a yi gwanjon duka. Mahaifiyata tana kwance a bayan bishiyoyin pekan, da kakana, da jaririyarmu da ba ta kwana uku ba. Na ga abin da injin noma ya yi wa maƙabartar su Ola Mae.

Za ki ce rai ya fi ƙasa. Na sani. Na kwana biyu ina juya shi. Da likitar Memphis ta ce tabbas, wataƙila da na shiga mota. Dama aka ce. Ba zan ba da tabbas in karɓi dama ba.

Kamfanin sun ce a fara mini ruwan magani a wani asibitinsu. Zan je, ba na gudun magani.

Abu ɗaya nake roƙonki. Ki sassauta wa yayanki. Ba ya cin abinci, ya zauna yana karanta tsohuwar takardar nan yana neman inda ya tsallake. Akwai abin da ban gaya masa ba, zan gaya masa in na ga zai iya ɗauka.

Ki mayar da keken ɗinkinki ɗaki. Na sa miki irin kuɓewa a ambulan, ko da yake na san a tukunya za ki kashe shi.

Yayarki,
Verlean

Hollis Bend
20 ga Yuni

Ƙanwata,

Gaisuwa, da godiyar bargon da kika aiko. Tana lulluɓa da shi a wannan zafin da kare ma ya ƙi fita daga ƙarƙashin baranda.

Labari ba daɗi. Tsakanin neman izini, da ƙi, da sake nema, da jiran layi a asibitin da suka zaɓa, mako bakwai suka wuce kafin a ɗiga mata ruwan farko. Da aka sake hoto, ƙwayar wake ta zama uku. Likitansu ya ce maganar tiyata a ajiye tukuna. Na koma wurin Dakta Raman na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah, da an je Memphis a Maris fa? Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Mista Tarver, ba wanda ya sani." Na so ya ce da ba ta canja komai ba. Bai ce ba.

Kada ki ɗauka ban yi ƙoƙari ba. Wata Asabar a Mayu na loda akwatuna a mota, har da tukunyarta ta ƙarfe. Ta fito baranda ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Dikin, ina za ka da tukunyata?" Na ce Toledo, kuma da mai tukunyar. Ta ce, "To sauka lafiya. In ka isa ka aiko mini da ita, akwai wake a jiƙe." Na ce, "Verlean, shekara arba'in da shida ban taɓa ɗaga miki murya ba." Ta ce, "Yau ma ba za ka fara ba, na'urarka tana fito, duk unguwa na ji." Na zauna a bakin mota. Ita ta sauko da tukunyar da kanta, tana hutawa a kowace matakala.

Ran Lahadi ta biyu a wata na nemi Fasto ya ba ni minti biyar. Na miƙe a daidai inda na miƙe shekara huɗu da suka wuce, na ce, 'yan'uwa, na gaya muku ba tarko, ashe ban san inda ake duba tarko ba. Duk mai sauran lafiya a cikinku ya je a gwada masa fom na cike giɓi tun tambayoyin ba su kama shi ba. Kowa ya ci gaba da fifita da maficinsa. Sista Ola Mae ta ce daga kujerun baya, "Dikin, da sukari da hawan jini wa zai karɓe ni? Ka zauna kawai." Na zauna. Cikin goma sha ɗaya, biyu aka karɓa.

Gashinta ya fara zuba a matashi. Ran Litinin, ranar da ba ya buɗe shago, sai ga Cleotis da jakarsa, ban aika masa ba. Ya shimfiɗa mata zane a baranda, ya ce, "Uwa, wane yayi za a yi? Na 'yan ƙwallo ko na sojoji?" Ta ce, "Na wanda ba ya biya." Ya aske ta a hankali yana ba ta labarin wani kifin, wannan karon da rediyo a cikinsa. Ta yi dariya har da hawaye. Na raka shi mota ina jira ya ce ai na gaya maka. Na ma shirya amsa. Ya sa jaka a baya, ya ce, "Gemunka ya yi yawa, Dikin, ka leƙo ran Alhamis." Ya ja mota.

Kin ce za ki zo a Yuli. Ki zo. Kada ki nuna a fuska in kin gan ta.

Yayanki,
Ezell

Toledo
6 ga Satumba

Yaya,

Na iso gida lafiya. Yau kwana tara da muka binne Yaya Verlean a ƙarƙashin pekan, har yanzu in na rufe ido maficin nan nake gani, coci cike, kowa yana fifita da sunan kamfanin a kan akwatin gawarta. Shi ya tunzura ni. Abin da na faɗa maka a bakin kabari, cewa da biro ka kashe ta, bai kamata ya fito daga bakina ba, balle a gaban mutane. Ta roƙe ni in sassauta maka, na kasa riƙe mata ko wannan. Ka yafe mini.

Ɗakin baya yana nan. Na san za ka ce gona, amma kai ba magaji ba ne, kunyar da ta tsare magadan ta bi ta kabari. Ka zo kafin sanyi.

Ba na iya komai kwanan nan. Wasiƙu sun taru ban buɗe ba, fom ɗin nan ma yana jikin firij, ko kallonsa ba na son yi. Kuɓewar ta fito a tukunya, ta yi fure ɗaya.

Ƙanwarka,
Odessa

Hollis Bend
17 ga Satumba

Dessa,

Gaisuwa. Na yafe tun kafin ki shiga mota. Ba ki faɗi abin da ban riga na faɗa wa kaina ba.

Ba zan taho ba tukuna. Mai waken soya ya riga ya aika takardunsa. Ni ba magaji ba ne, amma muddin ana ganin hayaƙi a gidan, wataƙila kunyar ta ƙara shekara.

Ki ciro fom ɗin nan daga jikin firij. Kwana goma sha uku suka rage miki. Ki sa hannu, ki kai da ƙafarki, kada ki ba ɗan aike. Ba shawarata ba ce, kin ga inda tawa take kai mutum. Saƙo ne aka bar mini.

Mako biyu kafin ta tafi, da la'asar, muna baranda ina ɓarar wake tana riƙe da kwano. Ta ce, "Dikin, ka daina neman inda ka tsallake. Ni na sani." Ashe kwana uku kafin ta sa hannu ta je ofishin tsofaffi na gunduma karɓar wata takarda, matar wurin ta zaunar da ita ta yi mata bayanin ƙofar nan tsaf. Na ce, to don me kika sa hannu? Ta ce, "Ka miƙe a gaban coci ka ce ba tarko. In matarka ta ƙi, wa zai sake miƙo maka takarda? Na ce lafiyata ƙalau, zan gyara daga baya." Ta miƙo kwanon. "Ka gaya wa Dessa kada ta ce daga baya."

Jita-jitar nan da na fara ba ki labari, Cleotis ne ya fara gaya mini, na yi masa dariya. Madam Novak ta aiko ta bakinki. Dillali ya nuna mini da yatsa. Wadda ta gaya mini ta ƙarshe, Verlean ce.

Yayanki,
Ezell